Mai Tsage Gaskiya Tsakanin Farin Jini Da Baƙin Jini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani al'amari da ke aukuwa kullum a majalisu da ƙofofin masallatai da rumfunan kasuwa, amma ba safai ake tsayawa a yi masa duban basira ba. Magana ɗaya ce za ta fito daga bakin mutum biyu. Na farko in ya faɗe ta, sai a yi ta jinjina masa, a ce wane ba ya tsoron kowa sai Allah, ya fede biri har wutsiya. Na biyu kuwa in ya faɗe ta, ko wasali bai sauya ba, sai a murtuke fuska, a ce wane ba shi da kunya, bakinsa ya fi ƙarfinsa. Maganar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Abin da ya bambanta shi ne matsayin da jama'a suka riga suka ba kowanne daga cikinsu tun kafin ya buɗe baki.

Harshen Hausa kansa ya tanadi sunaye iri biyu domin hali ɗaya. In ana son mutum, sai a kira shi mai tsage gaskiya, wanda ba ya rufa-rufa, mai aiki ba sani ba sabo. In ba a son sa, sai a kira shi fitsararre, mai tsaurin ido, mai baƙar magana, mara kara. Kara da kunya da kawaici kuwa ɗabi'u ne masu daraja a wurin Bahaushe, kuma addini ya yabi kunya, har ya lissafa ta cikin rassan imani. Saboda haka duk wanda aka jefa da rashin kara an riga an kashe maganarsa, ba sai an wahala wajen kawo hujjar da za ta rushe ta ba. Tambayar da ta kamaci Musulmi ita ce: da wane ma'auni ake raba waɗannan sunaye? Da gaskiyar maganar ne, ko kuwa da farin jinin mai yin ta?

In aka lura, abu uku ne ke sa jama'a su so mai kaifin harshe ko su ƙi shi. Na farko matsayinsa. Attajiri ko basarake ko malami mai yawan almajirai in ya yi magana mai zafi, sai a ce nasiha ce irin ta manya. Ɗan ƙwadago ko yaro ko baƙo in ya yi irinta, sai a tambaye shi ɗan wane ne shi. Na biyu, wanda maganar ta sara. Muddin gatarin yana sauka a kan mutanen wata jam'iyya, ko wata ƙungiyar addini, ko wata ƙabila, to mai riƙe da shi gwarzo ne. Ranar da ya juyo da shi gida, a ranar ake tuna cewa dama can bakinsa ba linzami. Na uku, lokaci. Gaskiyar da aka jefi mutum saboda ita jiya, ita ce ake rubuta wa a jikin bango gobe, bayan ta daina tsorata kowa. A cikin ukun nan babu ko ɗaya da ya shafi ingancin maganar kanta.

Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa misali. Shekara arba'in ya yi a cikin Ƙuraishawa suna kiran sa Al-Amin, suna ba shi ajiyar dukiyarsu, har suka yarda da hukuncinsa sa'ad da suka yi saɓani a kan wanda zai mayar da Baƙin Dutse mazauninsa. Da aka umurce shi ya gargaɗi danginsa, sai ya hau dutsen Safa ya tara su, ya tambaye su ko za su gaskata shi in ya ce akwai mahaya a bayan dutsen suna shirin auka musu. Suka amsa cewa ba su taɓa jin ƙarya daga gare shi ba. Da ya faɗa musu abin da aka aiko shi da shi, nan take baffansa Abu Lahabi ya tashi ya la'ance shi. Daga baya suka kira shi mai sihiri, mawaƙi, mahaukaci. Shaidar da suka bayar da bakinsu ba ta kai yini guda ba, domin gaskiyar ta taɓa gumakansu da kasuwarsu da girmansu.

Labarin Abdullahi ɗan Salami, Allah Ya yarda da shi, ya ƙara fitar da abin fili, kuma Imamu Buhari ya ruwaito shi. Shi babban malami ne a cikin Yahudawan Madina. Da ya musulunta, ya san halin mutanensa, sai ya roƙi Manzon Allah ya ɓoye shi, ya kira su ya tambaye su matsayinsa tun ba su ji labari ba. Aka kira su aka tambaye su, suka shaida cewa shi ne mafificinsu kuma ɗan mafificinsu, masaninsu kuma ɗan masaninsu. Da ya fito ya furta kalmar shahada a gabansu, a zama ɗaya suka juya suka ce shi ne mafi sharrinsu kuma ɗan mafi sharrinsu. Har mahaifinsa da ba ya wurin sai da darajarsa ta faɗi. Wannan shi ne gwargwadon nauyin yabon taro, sa'ad da son rai ne ke riƙe da ma'auni.

Malaman da suka biyo baya sun ɗanɗani wannan juyin. Imamu Malik, wanda mafi yawan Musulmin ƙasar nan ke bin mazhabarsa, an yi masa bulala a Madina wajen shekara ta 147 bayan Hijira, saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, masu mulki kuwa suka fahimci cewa fatawar ta shafi mubaya'ar da aka karɓa da ƙarfi. Imamu Ahmad ɗan Hambali an ɗaure shi an yi masa bulala a Bagadaza a zamanin Halifa Mu'utasim, saboda ya ƙi cewa Alƙur'ani halitta ne, alhali malamai da yawa sun amsa don su tsira. Da ya rasu a shekara ta 241, Bagadaza ta cika ta batse da masu rakiyar gawarsa. Fatawar Malik ba ta ƙara gaskiya ba ranar da aka daina dukan sa, kuma maganar Ahmad ba ta ƙara inganci ba ranar da taro ya bi makararsa.

A ƙasar Hausa ma haka. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Sallar Layya ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar tasa, ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar, cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki ɗaurarru, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amsa masa. Wa'azin nan da aka girmama a Magami shi ne aka taƙaita a zamanin Nafata, shi ne kuma ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804 a zamanin Yunfa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya yi abin da ya fi wannan wuya. Wajen 1807, ana cikin samun nasara, ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'arsu, sai ya faɗa, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, har ya tsaya a Kano inda ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki. Faɗa wa Gobir gaskiya ya sa jama'a sun ƙara son malamansu. Faɗa wa jama'a tasu gaskiyar kuwa ba shi da masu tafi.

A zamani na kusa, Malam Aminu Kano da mutanen jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, sun sha ɗauri da tsangwama, kuma babban laifin da aka riƙa jingina musu shi ne rashin ladabi ga manya. Malam ya rasu a 1983. Yau filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa, kuma 'yan siyasa na kowane ɓangare suna kiran sa uba. Mutane sun fi son mai tsage gaskiya bayan ya kwanta dama, domin a lokacin ba zai sake juyowa kansu ba.

Mai karatu na iya cewa wannan duk tarihi ne. To, a dubi Tsaskiya da garuruwan da ke kewaye da ita a ƙasashen Safana da Batsari, a yammacin Jihar Katsina, bakin dajin Rugu wanda ya dangana da Zamfara. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, Hausawa da Fulani, waɗanda suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna bin liman ɗaya. Shekaru da yawa suka yi cikin bala'in satar shanu da kashe-kashe da sace mutane don karɓar kuɗin fansa. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a dare ɗaya a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ta sake yi a 2019, duka biyun suka warware. A watan Satumba na 2021 aka katse hanyoyin wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Safana da Batsari, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne a toshe kafar masu kai wa ɓarayin daji rahoto daga cikin gari. A 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma, ta ɗauki matasa daga yankunan da abin ya shafa.

A wuri irin wannan, yadda jama'a ke karɓar mai faɗin gaskiya ya wuce zancen majalisa, ya zama zancen rai da mutuwa. A ɗauka mutum biyu ne suka miƙe bayan an dawo daga maƙabarta, zukata suna tafasa. Na farko ya ce duk wanda ke zaune a ruga ɓarawo ne, kada a bar ko ɗaya ya sake shigowa kasuwa. Nan da nan za a ce wane ya faɗi gaskiya, ba ya munafunci. Na biyu ya ce ɓarawon daji ba ya sanin gidan da aka sayar da sa jiya sai wani na cikin gari ya faɗa masa, kuma man babur da burodi da ƙwaya da ke shiga daji ba daga sama suke faɗowa ba. Ya ƙara da cewa makiyayin da aka tare a hanyar kasuwa aka kashe ba tare da shaida ko alƙali ba, jininsa yana da alhaki kamar jinin wanda aka binne yanzu. Wannan na biyu, in ya yi sa'a, za a ce masa mara tausayi. In bai yi sa'a ba, shi za a fara kira infoma.

Alhali kuwa na farko bai biya komai ba. Ya faɗi abin da kowa ke son ji ne da babbar murya, kuma ɗaga murya ba jarunta ba ce. Maganarsa ma ba gaskiya ba ce, domin a cikin rugage akwai waɗanda aka kore wa shanu, aka kashe wa 'ya'ya, kamar yadda a cikin gari akwai masu cin riba da bala'in. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umurni a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Ya kuma yi umurni a Suratun Nisa'i, aya ta 135, a tsayu da adalci a ba da shaida domin Allah, ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi, ko wanda abin ya shafa mawadaci ne ko matalauci. Wannan aya ta biyu ta ambaci daidai wuraren da yardar jama'a ke karkatar da harshe, watau dangantaka da dukiya. Na biyu shi ne ya yi aiki da ayoyin, shi ne kuma ya koma gida da baƙin jini. Garin da ya saba yi wa irinsa ihu zai wayi gari babu mai faɗa masa inda ɓarakar take, kuma in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Sai dai akwai hanzari guda biyu da ya wajaba a saurara musu. Na farko, ai hadisi ya inganta cewa in Allah Ya so bawa sai Ya sanya masa karɓuwa a bayan ƙasa, kuma sa'ad da aka wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Manzon Allah ya sanar da su cewa su shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Ashe ke nan yardar jama'a tana da nauyi? Lalle tana da shi. Amma malamai sun bayyana cewa shaidar da ake nufi ita ce ta mutanen kirki masu gaskiya, waɗanda suka san mutum suka zauna da shi, suka yi hukunci a kan rayuwarsa. Ba a nufin sowar taro a lokacin fushi ko tsoro ko kwaɗayi. Da sowar taro hujja ce, da mutanen Annabi Nuhu ne ke da gaskiya, ba 'yan kaɗan da suka shiga jirgi ba.

Hanzari na biyu ya fi na farko ƙarfi. Ba duk wanda aka ƙi ne aka ƙi saboda gaskiyarsa ba. Akwai mutanen da suka mai da cin fuska sana'a, suna tozarta mutane a bainar jama'a, in an yi magana su ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Irin waɗannan baƙin jininsu su suka saya da kuɗinsu. Allah Ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna zuwa ga Fir'auna, wanda ya yi da'awar allantaka, amma Ya umurce su a Suratu Ɗaha su yi masa magana mai laushi. Ya kuma sanar da fiyayyen halitta a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, cewa da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya da mutane sun watse daga gare shi. Abu Zarril Gifari, Allah Ya yarda da shi, Manzon Allah da kansa ya yabi gaskiyar harshensa, kuma ya ci gaba da faɗakar da masu tara dukiya a Sham har ya ƙare rayuwarsa a keɓe a Rabaza a shekara ta 32. Duk da haka, ranar da ya goranta wa wani mutum asalin mahaifiyarsa, Manzon Allah bai ce masa ai halinka ne ba. Ya tsawata masa, ya nuna masa cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Gorin asali bai zama gaskiya ba ko daga bakin wanda aka shaida da gaskiya ya fito. Haka nan Suratul Hujurati, aya ta 6, ta wajabta bincike kafin a yi aiki da labari, don kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Wanda ya nuna maƙwabcinsa da yatsa ya ce infoma ne, ba shi da shaida sai zato, ya yi ƙazafi ne, ko da gari duka ya tafa masa.

Saboda haka baƙin jini ba shaidar gaskiya ba ne, kamar yadda farin jini ba shaidarta ba ne. Ma'aunin yana wani wuri dabam. Ga mai magana, ya tambayi kansa: shin abin nan ya tabbata, ko ji ne kawai? Gyara ake nufi ko huce haushi da neman suna? Da a kan ɗan'uwansa ne, ko maigidansa, ko malamin ƙungiyarsu, zai faɗa? Akwai hanyar da ta fi wannan kai wa ga gyara, kamar keɓewa da mutum, ko kai magana wurin mai unguwa da dagaci da hakimi da liman? Addini ya jera matakan kawar da mummuna, da hannu, sa'an nan da harshe, sa'an nan da zuciya, kuma bai ɗora wa wanda ke tsoron halaka abin da ba zai iya ba. Amma ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai neman yardar mutane da fushin Allah. Wannan ita ce nasihar da Nana A'isha ta rubuta wa Mu'awiya sa'ad da ya nemi ta yi masa wasiyya a taƙaice: mai neman yardar Allah ko da mutane sun yi fushi, Allah zai isar masa daga mutane, mai yin akasin haka kuwa Allah zai bar shi da su.

Nauyin da ya fi girma yana kan masu sauraro, domin su ne ke raba farin jini da baƙinsa. Manzon Allah ya bayyana, a lokacin da aka nemi ceton wata mace 'yar babban gida daga Banu Mahzum da ta yi sata, cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne sakin babba in ya yi laifi da kama mai rauni. Wannan cuta ba a kotu kaɗai take ba, tana shiga kunne. Mai jin gaskiya daga babba kaɗai, ya toshe kunne in ƙarami ne ya faɗa, ya kamu da ita. Magani shi ne in magana ta sosa rai, a cire fuskar mai yin ta a zuci, a sa ta a bakin wanda ake ƙauna, a sake saurare. In ta zama daidai a can, to daidai ce a nan. In kuma magana ta yi daɗi ainun, a sa ta a bakin abokin gaba yana faɗin ta a kan dangin mai sauraro, a ga ko za ta ci gaba da daɗi. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, sun kuma ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hakimai da dagatai da limamai da dattawan ƙasashen Safana da Batsari, da na ko'ina, suna da aiki a nan. In talaka ko yaro ko makiyayi ya miƙe a taro ya faɗi magana mai ɗaci, kalma ɗaya daga babba, cewa a bar shi ya ƙarasa, ta isa ta tsare masa mutunci, wani lokaci ma ta tsare masa rai. In ya yi kuskure a gyara masa da hujja, in ya yi kaushi a koya masa ladabi, amma kada a jefar da maganar tare da kaushin. Da haka ne mai ganin ɓaraka zai sami ƙarfin halin nuna ta tun ba ta zama kogo ba.

Allah Ya nuna wa al'ummar Musulmi gaskiya Ya ba ta ikon bin ta, Ya nuna mata ƙarya Ya ba ta ikon guje mata. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya zaunar da Tsaskiya da Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.